Yadda Na Kai Inna Kumasi Duba Mara Lafiya

Tun da na dawo daga Gana bakina bai huta ba. A majalisarmu ta bakin tashar Rano, a ofishin malamai na makarantarmu, har a sahu kafin liman ya kabbara, sai wani ya zungure ni: "Malam Habu, wai da gaske ne can ba a ɗauke wuta?" Wani ma ya zo yi mini ta'aziyya, hannunsa bai gama sauka daga shafa fatiha ba ya tambaye ni ko atamfar can ta fi tamu araha. To na gaji. Ga labarin nan na rubuta gaba ɗayansa, kowa ya karanta ya ƙyale ni in sha shayina.

Ba yawon buɗe ido na je ba, malamin firamare da albashinsa ke zuwa ran da ya ga dama ba shi da idon buɗewa. Mahaifiyata na raka, Inna, don ta ga ƙaninta kafin ya cika. Kawu Ɗanjuma ke nan, wanda ya bar Kibiya yana saurayi ya bi fataken goro, ya yi zamansa a Kumasi, ya yi aure can, ya tsufa can. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, kuma rabon da su ga juna tun ban shiga makaranta ba.

Da can lafiya muke zaune da Kawu, don sai a daɗe kafin wani falke ya kawo saƙon gaisuwarsa. Sai ga wayar salula ta shigo gari, a shekarun nan da Shari'a da siyasa suka zo mana tare, kowa ya zama ko malami ko ɗan takara. Baba Alhaji, ƙanin mahaifinmu wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, ya so ya zama duka biyun, don haka ya sayi waya. Ba ta kamawa sai an hau dutsen bayan gari. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci za ka hango shi can sama da babbar riga, ya toshe kunne ɗaya yana ihu. Abin da yake saukowa da shi kuwa cuta ce. Wannan makon Kawu hawan jini, na gaba ciwon suga, sai ƙoda, sai gwiwa, sai wani abu mai yawo tsakanin ƙirjinsa da ƙeyarsa wanda likitocin Gana suka kasa raɗa wa suna.

Ku da kuka san tsofaffinmu kun san nauyin wannan magana. A Kibiya in ka tambayi tsoho jiki ya ce "lafiya lau", ba ka ji komai ba, gaisuwa kawai ya amsa. In ya ce "da sauƙi", yana jin jiki. In har ya kai ga "sai a hankali", a aika wa 'ya'yansa na nesa. To ga namu, haifaffen Kibiya, yana faɗa da bakinsa: "Ku gaya wa Yaya mutuwa nake yi." Ran nan a guje Baba Alhaji ya sauko dutsen, har ya baro takalmi ɗaya a sama.

Inna ta aiko daga cikin gida cewa za ta je. Aka taru a zaure, maza zalla, don a duba ko tsohuwa za ta iya hanyar. Binciken likita kuwa an yi shi cikakke. Baba Alhaji ya leƙa tsakar gida ya ɗaga murya.

"Innar su Talatu, yaya ƙarfin jikin? Za ki iya?"

"Lafiya lau, Alhaji."

Ya dawo ya zauna, ya gyara riga ya ce, "Kun dai ji da kunnenku."

Talatu autarmu ce, a nan cikin Kibiya take aure, kullum tana gidan tana yi wa Inna hidima. Ta tsaya bayan ƙyaure ta roƙa a bar ta ita ta raka ta. Baba Alhaji ya yi salati. Mata biyu su ƙetare iyaka uku babu muharrami, a wannan zamani da gaskiya ta bayyana? Guzurin mutum uku kuma babu. Babban ɗa namiji shi zai tafi, magana ta ƙare.

Babban ɗan nan ni ne, ɗan farin Inna. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni wurin kakata. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, in ta kama dole "wancan" nake, ko "na Rano". Ba ta cin abinci a gabana, ba ta dariya in ina wurin, magana kuwa sai ta bi ta bakin wani: "A ce masa ya gaida gida." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma duk garin ana yaba mata a kan haka. Wato an zauna an tankaɗe zuri'armu kaf, an zaɓo mutum ɗaya tak da Inna ba za ta iya ce wa ko "kaina na ciwo" ba, aka ce shi zai kula da lafiyarta har Gana.

Muka tashi da aka yi hutun makaranta. Motar Kibiya zuwa Rano an lulluɓe gilashinta da hotunan 'yan takara, ta wata 'yar kafa tsakanin kansila da ciyaman direba yake hangen hanya. Ramukan titi kuwa ya ce romon dimokuraɗiyya ne, a sha a hankali kada a ƙone. Duk ramin da muka faɗa sai in ji Inna ta ce "Ya Salamu" ƙasa-ƙasa, na ce a raina tsohuwa akwai zikiri. Daga Rano zuwa Kano maza gaba, mata baya, abin ya yi mana daɗi mu duka biyun.

Babbar motar Legas ba ruwanta da wannan tsari, lambar kujera take bi. Sai ga ni kafaɗa da kafaɗa da Inna, abin da bai faru ba tun ina goye. Ta ja mayafi ta juya fuska ga taga. Da yake babu wanda za ta aika gare ni, sai ta koma yi wa gilashi magana. "Ana son ruwa." In miƙa. "An gode." Turare kuwa ta sha shi, irin mai ƙarfin nan da ke hawa ka, har na yi murmushi na ce ashe tsohuwa ma ta san kwalliyar zuwa ƙasar waje.

A kujerar gefenmu akwai wata tsohuwar Bayarabiya mai sayar da goro a Kano, Hausa a bakinta kamar jakar Kano, kowa Iya yake ce mata. Muna fita gari wani mai tallar magani ya miƙe a tsakiyar mota, duk cutar da ya ambata sai Iya ta ɗaga hannu ta ce tana da ita. Ta saya, ta buɗe mana tarihin bayanta da idonta da ƙafarta, tana yi tana ɓare dafaffen ƙwai. Duk inda aka tsaya sai ta shigo da wani abin ci, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Can ta leƙo wajen Inna.

"Mama, ke fa, ina ke miki ciwo?"

"Babu ko'ina. Alhamdu lillahi."

"Da waɗannan shekarun? Kai, Hausa! Ku ko a makara aka tambaye ku sai ku ce da sauƙi." Ta juyo kaina. "Kai ɗanta ne? Tun Zariya nake kallo, ba ta sa komai a baki ba."

Na yi mata bayani irin na malamin makaranta, cewa kunyata take ji, al'adarmu ce. Iya ta dube ni sama da ƙasa.

"Mu in ba mu faɗa ba, yara sai su ce mun warke, su manta da mu. Ni duk wanda ya gaishe ni sai ya ji."

Na yi dariya, na raina mata wayo. A Legas da kanta ta jawo buhunta daga ƙarƙashin mota, ta ɗora a ka, ta yi gaba tana kukan baya.

Legas ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, kowa gudu yake kamar ya bar tuwo a wuta. Mun sauka wurin 'yan garinmu masu sayar da albasa. Suka kai Inna ɗakin matar ɗayansu, ni kuma aka shimfiɗa mini tabarma tsakanin buhuna, na tashi da warin da har Kwatano ta ƙasar Benin mutane na ba ni hanya. Da safe matar gidan ta ce mini, "Malam, Inna fa a zaune ta kwana, kuma kunu kawai ta kurɓa." Na ce ai mai ibada ce, tun a gida haka take. Ban san yadda take kwana a gida ba, ban taɓa shiga ɗakinta ba, amma na faɗa da ƙarfin hali.

Daga nan sai iyakoki. Turancina da nake tsorata 'yan aji huɗu da shi a ta farko ya ƙare, aka koma Faransanci, na koma nuni da hannu kamar bebe. A kowace iyaka akwai teburin lafiya, inda ake duba katin rigakafi mai ruwan ɗorawa. Ma'aikacin zai karɓi katin, ya juya shi, ya girgiza shi a hankali. In wani abu ya faɗo daga ciki, lafiyarka ta tabbata. Ko ɗaya a cikinsu bai ɗaga kai ya dubi Inna ba. Na tabbata da gawa muka zo da ita a zaune, in dai katinta na da ɗan nauyi, da an buga mata hatimi an yi mata fatan sauka lafiya.

Tsakanin Kwatano da Lome ƙaramar mota muka shiga, an cusa mu kamar an cusa rama a buhu. A ciki akwai wani dattijon Bafulatani siriri, zai je wurin 'ya'yansa da suka kai shanu Gana. An jibga buhun gishiri a wajen ƙafafu. Sai da aka zo iyaka aka sauke kaya don bincike, sannan aka ga ashe tun daga tasha buhun a kan ƙafar dattijon yake. Ta kumbura suntum, farcen babban yatsa ya ɗaye yana jini.

Na ce, "Baffa! Tun Kwatano? Me ya hana ka magana?"

"Jam," in ji shi, wato lafiya. "Ba komai. Kaɗan ne."

Direban, mutumin Kwatano, ya ɗora hannu a ka yana ta kururuwa da yarensu, sai ka ce shi aka danne. Ni na ɗauka a wajen haɗiye ciwo mu Hausawa ne ƙarshe, ashe muna da malamai. Inna ta bi dattijon da kallo yana ɗingishi yana ƙoƙarin kada a ga ɗingishin, ta ce wa gilashi, "Ga ɗan mutunci." A duk tafiyar shi kaɗai ta yaba.

Masu tambayar wuta, ana ɗaukewa a Gana, ku kwantar da hankalinku. Abin da ya fi ɗaure mini kai hotuna ne. Tun daga bakin iyaka har Kumasi bango da itatuwa cike suke da manyan hotunan dattijai, kowa ya sha ado yana murmushi. Na ce wa wani ɗan zango da ke kusa da ni, ashe ku ma zaɓe ya matso, wannan tsohon wace jam'iyya yake? Ya ce ai ya mutu. Sanarwar jana'iza ce. Mutanen can, waɗanda ba Musulmi ba, in tsohonsu ya mutu sai a ajiye shi a firjin asibiti wata da watanni, a gyara gida, a ɗinka anko baƙi da ja, a kira makaɗa, sannan a binne shi ranar Asabar. Na yi ta a'uziyya. Daga baya na lura aƙalla su nasu hotunan na waɗanda suka gama cin amana ne, namu na masu shirin farawa.

Muka shiga zangon Kumasi, unguwar Musulmi baƙi. Duk hanyar nan abu ɗaya nake roƙo, Allah Ya sa mu tarar da shi da rai, kada wahalar tsohuwa ta tashi a banza. Da aka nuna mana gidan na kasa kunne ko zan ji kuka. Abin da na ji daka ne.

Kawu Ɗanjuma na kishingiɗe a baranda da singileti, ciki kamar tulu, rediyo a gefe, kwanon sakwara a gaba, miyar kifi har gwiwar hannu. Ya ɗaga kai ya ga Inna.

"Yaya!"

Kukan da ya yi na gaske ne, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya riƙe hannunta da hannunsa mai tsabta, ita ma ta riƙe. Ni ma sai da na juya na dubi bango. Amma ko ruwa ba mu sha ba ya sa aka kawo masa ledar magungunansa, ya zazzage a tabarma, ya shiga gabatar mana da su ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yansa.

"Yaya, da kin ƙara mako guda da ba ki same ni ba. Jiya ma sai da na yi kalmar shahada." Ya kai loma.

"Ka yi ƙiba, Ɗanjuma."

"Kumburi ne."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sha warin albasa, na zama bebe a ƙasa biyu, na jijjiga tsohuwa a ramukan duniya, don in zo in kalli mai mutuwa yana neman ƙarin miya. Abin da ya ƙara ba ni haushi, Inna ko mamaki ba ta yi ba.

Matar Kawu 'yar ƙabilar Asante ce da ta musulunta tun tana budurwa, duk zango Mame ake ce mata. Doguwa ce, mai murya, kuma ba a koya mata kawaici ba. Ta ga na tsuke fuska, ta ja ni gefe, na gaya mata abin da ya kawo mu. Ta yi dariya har da tafi.

"A nan tsoho faɗa yake yi, ɗana. Ka gaishe shi, ya ce maka ga inda ke ciwo, kai kuma ka san abin yi. Wana ya ce mana ƙirjinsa ba daidai ba, ba zai ga ƙarshen shekara ba, kuma bai gani ba. Mu bakinmu da jikinmu tare suke tafiya. Kawunka a wurinmu ya koya, da girmansa, sai ya fi masu abin iyawa."

Ta koma ta rungume Inna irin tasu gaisuwar. Sai na ga dariyar ta tsaya, ta ɗan ja hanci. Ta ce ta haɗa ruwan wanka, kuma da kanta za ta cuɗa baƙuwa. Inna ta ce a'a, ta gode. A Kibiya da maganar ta mutu a nan. Mame ba 'yar Kibiya ba ce, ta kama hannunta ta yi banɗaki da ita ta rufe ƙofa. Ba a jima ba muka ji ihu, kuma ba muryar Inna ba ce.

Mame ta fito hannu jiƙe, ta yo kaina.

"Kai ne ɗan? Kai ka zauna kusa da ita tun daga Kano? Hancinka mutuwa ya yi?"

Ta faɗa a tsakar gida, a gaban kowa, ba sakayawa. Ƙurji ya cinye nonon Inna na hagu, ya fashe har hammata. An naɗe shi da tsummoki, an tuttula turare a kai. Ta ce wannan ba ciwon wata ɗaya ba ne, ba na biyu ba. Na zauna a ƙasa. Kawu ya saki ledar magani, ƙwayoyi suka watse, ba wanda ya tsince su.

Washegari muka kai ta asibiti. Likitan ɗan ƙasar ne, mai furfura, Mame ce tafinta. Kafin ya taɓa ta sai ya yi mata tambaya: a ganinta, lafiyarta gaba ɗaya mai kyau ce, ko tsaka-tsaki, ko marar kyau?

"Alhamdu lillahi," in ji Inna.

Ya ce ta zaɓi ɗaya.

"Mai kyau."

Ya duba ta, aka ɗauki hoton ƙirji, sannan ya kira ni ni kaɗai, muka yi Turancin da ya dawo mini a ranar da ba na son sa. Ya ce duk tsohon da ya zo gabansa sai ya yi masa wannan tambaya. In ɗan ƙabilarsu ne, amsar takan nuna masa hanya: wanda ya ce marar kyau, yakan sa masa ido, don sau da yawa jikin mutum kan riga na'ura sani. Amma tsofaffin zango da Fulani, mai sauran shekaru a gaba da wanda ba zai ga watan gobe ba, amsarsu ɗaya ce, don haka ba ya ɗora komai a kanta. Na ce masa mu a wurinmu kai ƙarar ciwo kamar kai ƙarar Ubangiji ne. Ya ce ya sani, kuma ba ya raina hakan, sai dai ciwon daji ne, ya riga ya shiga huhu. Abin da ya rage a rage mata zafi. Hanyar da muka biyo kuwa, shi bai san yadda ta iso ba, komawa dai kada in fara.

Ni kuwa na fara. Muna komawa gidan Kawu na ce Kibiya za mu, ko a kafaɗa ne, uwata ba za ta kwanta a ƙasar da ake kiɗa a makabarta ba. Na faɗa wa Mame da ƙarfi yadda za a ji a ɗaki. Amsa ta fito, ga bango aka yi ta: "Ba a komawa."

Bayan la'asar ina zaune a bakin ƙofar ɗakin, Kawu na ciki a gefen katifarta. Tun jiya bai ambaci ko gwiwa ba. Na ji yana kuka.

"Ni na kashe ki, Yaya. Ni da bakina na jawo ki wannan hanya."

"Kai ɗin wa?" Muryarta a shaƙe, amma na ji dariya a ciki, dariyar da ban taɓa ji ba. "Tun kana yaro in ƙaya ta soke ka sai unguwa ta fito. Ran da Alhaji ya sauko dutse da takalmi ɗaya na san lafiyarka ƙalau. Mai mutuwa ba ya iya wannan ihun."

"To me ya kawo ki?"

"Ni ce mai tafiyar. In na ce a kai ni in ga ɗan'uwana, za a ce don me. In na faɗi don me, za a kwantar da ni a asibitin Kano, a kewaye ni ana sannu, in mutu ban gan ka ba. Sai ga ka kana ta kururuwa. Na ce to, ga mota ta samu."

Sannan ta ce, "A ce wa na bakin ƙofa ya saki fuskarsa. Ba a yi masa adalci ba, an sani. Ya yi ƙoƙari, Allah Ya yi masa albarka."

Kawu ya leƙo zai isar da saƙo. Na ce na ji.

Ta yi 'yan makonni. Mame ke mata wanka, Kawu ke zaune wurinta suna lissafa mutanen Kibiya da suka shuɗe, ni ina bakin ƙofa. Kullum da safe in gaishe ta in tambayi jiki, kullum a ce wa bango da sauƙi. Ranar da ta cika ma da hantsi haka aka ce, kafin azahar ta tafi. Kawu ya buɗe akwati ya fito da likkafanin da ya tanadar wa kansa tun zuwansa Makka, aka ƙara yadi aka yi mata sutura, kafin la'asar mun dawo daga makabartar zango. Dangin Mame suka zo da baƙaƙen zannuwansu, suka kasa gane yadda za a binne babbar mace haka kafin labari ya zaga gari. Suka zauna a tsakar gida suka yi kuka da murya, kuka sosai, saboda matar da ba su sani ba. Ni ɗanta ina zaure ina amsa "Ya haƙuri?" da "Da godiya". Ba zan ɓoye muku ba, na yi ƙyashinsu.

Hanyar dawowa ita ce dai ta zuwa, sai dai kujerar taga tawa ce. Na iso Kibiya na tarar an gama zaman makoki, amma zaure ya sake cika don a ji daga bakina. Baba Alhaji ya buɗe taro.

"Ikon Allah! Mace ta bar nan lafiya lau, ni da kaina na tambaye ta, kuna zaune. Ruwan ƙasar nan ne bai karɓe ta ba."

Wani ya ce iska ce, wani ya ce a dai bincika, matar Kawun nan ai asalinta ba Musulma ba ce. Na ce musu ciwon daji ne, kuma da shi ta bar gidan nan. Baba Alhaji ya girgiza kai ya ce likitocin waje akwai ƙarin gishiri, da tana da wani abu ai da ta faɗa. Aka shafa fatiha a kan haka.

Na shiga cikin gida, karo na farko na taka ɗakin Inna. Talatu na zaune a ƙasa tana ninke zannuwanta. Muka gaisa, muka yi wa juna haƙuri. Sannan na tambaye ta.

"Talatu, kin sani?"

"Ni nake mata wanka, Yaya. Tun damina waccan."

"Shi ne kika yi shiru? Kika bari na ɗauke ta a haka?"

"Ta ce in na kai maganar zaure ba ta yafe ba. Amma na ce mata ni ba zan yi ƙarya ba, duk wanda ya tambaye ni zan faɗa." Ta ɗora zanen da ke hannunta a kan sauran, ta danne shi da tafi. "Ran nan na tsaya bayan ƙyauren zaure har kuka tashi. Duk Juma'a kana zuwa gaisuwa, ina tsakar gida kana wuce ni. Ita kuke tambaya, Yaya. Me kuke so ta ce?"